Gwaji Na Sittin Da Uku

Kofin ya wuce ta gefen kunnensa, ya daki bango, ya tarwatse.

Ko ƙifta ido bai yi ba. Yana tsaye a ƙofar ɗakin aikin da jakar kayan gyara a kafaɗa, ya dubi ɓaraguzan, sannan ya dube ta.

"Ni kika auna ko bango?"

"Da kai na auna da ban kuskure ba."

Auta ke nan, 'yar marigayi maginin tukwane, wadda ta gaji hannun ubanta amma ta bar haƙurinsa a kabari tare da shi. Tanderun lantarki na buɗe a bayanta. Kofuna ashirin da huɗu ta gasa, kuma duk sun fito launin ɗanyar hanta.

"Autata, me ya faru kuma?"

"Kada ka sake ce min Autarka. Malam, ina ka kai sirrin babana?"

Injiniya ya sauke jakar a hankali. Mai gyaran lantarki ne, ta gyaran wannan tanderun ma suka san juna, kuma saura wata biyu aurensu.

Babanta yana da wata kala da babu mai ita, ruwan lemon da wuta ta lasa, shi ba ja ba shi ba ruwan ƙasa ba. Garwashi yake kiranta. Yana haɗa ruwan ƙyallin da ake tsoma kofi a ciki kafin gashi da garin tsatsar ƙarfe da tokar ƙashi da niƙaƙƙen farin dutse, ya gasa a tanderun ƙasa da itace. Bayan rasuwarsa gine-gine suka cika unguwa, maƙwabta suka hana hayaƙi, dole ta koma lantarki. Tun daga ranar kalar ta yi mata yaji. Shekara biyu tana auna gari a sikeli, tana shafa wa 'yan falle-fallen yumɓu, tana karce lamba a bayan kowanne. Sau ɗaya rak garwashi ya fito, a gwaji na sittin da uku, makonni shida da suka wuce. Ta maimaita haɗin sau biyar tun daga nan, hanta take samu.

"Kai kaɗai na nuna wa littafin," in ji ta. "Kai kaɗai ke da makullin ɗakin nan bayan ni. Jiya na wuce shagon yayarka, na ga kofuna jere a gilashi... kalar babana."

"Anti ba ta gina ko murfin buta. Saro kaya take yi."

"Ta samu mai gina mata ai. Ta kuma gaya min da bakinta. Ta ce, 'Ƙanena ba ya ɓoye min komai.' Ka kwafe mata haɗin, ka gurɓata min garina don kada nawa ya sake fitowa."

Da ya yi faɗa da ta fi samun sauƙi, amma sai ya yi wani guntun murmushi da ya fi zagi ciwo.

"Wato ɓarawo za ki aura."

"Wa ya ce zan aura?"

Ta fizge zoben daga yatsanta ta wurga masa. Ya bugi ƙirjinsa, ya yi tsalle, ya faɗa cikin bokitin ruwan ƙyallin da ke ƙasa, ya nutse.

Ya leƙa bokitin. "Can ya fi dacewa da shi. Dama abin da ke ciki kika fi so."

Ya zare makullin ɗakin daga cikin nasa, ya ajiye kan teburin murza yumɓu, ya ɗauki jakarsa ya fita. Bai ma bugo ƙofar ba, abin da ya ƙara ƙona mata rai.

A gida Umma ko mamaki ba ta nuna ba. Tana ninke wanki ta saurari labarin.

"Ni dama tun farko hankalina bai kwanta ba. Mutumin da yayarsa ke juya shi kamar cokali a kofi? Matar da ta zo har falon nan tana kallon faratanki tana toshe hanci?"

"Umma, ki bar maganar."

"Ba zan bari ba. Kowa ya san ƙanwar mijinta take so ta liƙa masa. Allah ya raba ki da wahala, ki gode masa."

Ga shi an goyi bayanta, amma ko kaɗan ba ta ji sanyi ba. Ta shige ɗaki ta yi kuka mai isarta, haushinsa na cinta, kewarsa kuma ta fi haushin yawa.

Kwana huɗu bai kira ba. Ita ma ta rantse ba za ta kira ba, ko da yake wayar ba ta bar tafin hannunta ba.

A rana ta biyar Anti da kanta ta zo ɗakin aikin, da ƙamshin turarenta da takalmi mai tsini, tana ɗage gefen riga kada taɓo ya taɓa ta. Ta ajiye wani ɗan kwali a kan tebur.

"Na ji abin da ya faru, ƙanwata, wallahi ban ji daɗi ba. Ga wannan ki riƙa shan shayi, ko ya ɗebe miki kewa."

Kofi ne, ruwan lemo mai ƙuna-ƙuna.

"Anti, ƙofa na nan inda kika bar ta."

"Au, abin har da kora? To a ci gaba da wasa da taɓo lafiya."

Da ta fita, Auta ta ɗaga kofin za ta aika shi inda ta aika ɗan'uwansa. Sai hannunta ya tsaya. Hannun mai gini ba ya ƙarya, kuma wannan santsin ba na wuta ba ne. Ta kai shi hanci. Ta ɗauki wuƙar gyaran baki ta kankara gefensa, kalar ta taso kamar ɓawon albasa, farin kofin kanti ya bayyana a ƙasa.

Fenti ne. Fentin gwangwani.

Ta zauna daɓas a kan benci. Anti ba ta da haɗin komai. Labari kawai ta ji, wataƙila ma daga bakinsa lokacin da yake murna yana nuna hoton gwajin a waya, ta je ta yi abin da ta san zai tunzura mai saurin fushi. Ita kuwa ta hau ta zauna.

To in ba a taɓa garinta ba, me ya hana kalar dawowa?

Ta jawo littafin gwajinta, ta buɗe shafin sittin da uku. Awo iri ɗaya ne da na sauran biyar, ko ƙwayar gari ba ta bambanta ba. Sai a can gefen shafin ta ga wani ɗan rubutu da ta yi cikin tsokana a ranar:

"Mai gyara ya ɓata min awa uku."

Ta tuna. Ranar ce ya canza wa tanderun wayar da ke ba da zafi a cikinsa. Da zafi ya kai ƙarshe, maimakon ya bar shi ya mutu kamar kullum, sai ya ce sabuwar waya ba ta son a sake ta lokaci guda. Ya sauke zafin zuwa digiri ɗari tara ya riƙe shi a nan, ya ja kujera ya zauna yana ta zuba. A cikin awa ukun nan ne ya ce yana son aurenta.

Ta kuma tuna tanderun babanta, mai katangar ƙasa kaurin kamu biyu, wanda sai ya kwana biyu bai huce ba. Sau nawa ya buge mata hannu tana yarinya saboda ta kai shi ga murfin kafin ya huce? Na lantarki kuwa da an kashe yake sakin zafi. Shekara biyu tana canza gari, ashe a wajen hucewa kalar take fitowa.

Shagonsa na bayan layin masu sayar da fanka. Ta same shi sunkuye kan wani injin wanki da ya farke cikinsa.

"Sannu da aiki."

"Yauwa." Bai ɗago ba. "Hajiya, a riƙe jaka da kyau, akwai ɓarawo a shagon."

Ta ajiye kofin Anti da aka kankare a kan injin. Ya dube shi, ya kai farce ya ƙara ɓantaro fentin, ta ga jijiyar wuyansa ta motsa.

"Wannan tsakanina da Anti ne, zan same ta," ya ce. "Amma ita ta yi ƙarya, ke kika yarda. Shekara ɗaya da rabi kina ganina, gwangwanin fenti ɗaya ya isa ki kira ni ɓarawo."

"Na sani..."

"Ba ki sani ba. Ko tambaya ba ki yi min ba, kofi kika fara jefowa."

Idonta ya cika, amma ta ƙi bari ya zubo. Ba haƙuri ta iya bayarwa ba, ba ta taɓa koyo ba.

"Aiki na kawo maka. Gobe zan yi gashi. Ina so ka riƙe min zafi a ɗari tara, awa uku, kamar ranar da ka sa sabuwar waya."

"Wayar ta riga ta zauna, ba ta buƙata."

"Ni ina buƙata."

Ya goge hannu da tsumma, ya daɗe yana gogewa.

"Aiki dai ko? To. Ƙarfe nawa?"

Da sassafe ta jera kofuna ta kunna tanderu. Ƙarfe biyu na rana ya iso, daidai lokacin da zafi ya kai ƙarshe. Ko gaisuwar kirki bai yi ba. Ya danna maɓallan, ya jira lambar ta sauko ɗari tara, ya tsayar da ita, ya ja kujerar nan dai ya zauna ya ba ta baya.

Ta kawo masa ruwa, ya ce ya gode, bai sha ba. Ta yi shara inda babu datti. Ta wanke soso sau uku. Awa biyu suka wuce babu abin da ake ji sai ƙaran tanderu yana ɗaukewa yana kamawa.

"Injiniya... wai da gaske sabuwar waya ba ta son a sake ta lokaci guda?"

Ya gyara zama a kujerar.

"Ƙarya ce," ya ce, yana kallon bango. "Waya ba ruwanta. Na gama aikina tun ƙarfe biyu ranar, na rasa dalilin zama. Maganar da na zo da ita ta maƙale min a wuya, sai da na yi awa biyu da rabi kafin ta fito."

Nan hawayen suka ƙwace mata.

"Ka yafe min. Na zalunce ka, na kuma san na zalunce ka."

Ya duba agogo, ya miƙe, ya kashe tanderun, ya rataya jakarsa.

"Kada ki buɗe sai gobe da rana. In kin iya."

Ta iya. Ba ta taɓa jin tsawon dare irin wannan ba, sau biyu tana kai hannu ga murfin tana janyewa da kanta. Washegari da rana tana tsaye gaban tanderun, ta kasa buɗewa don tsoro, sai ta ji motsi a ƙofa.

"Na zo duba waya," ya ce.

"Wayar da ba ruwanta?"

"Buɗe mu gani, Hajiya."

Ta ɗaga murfin. Ɗumi ya bugi fuskarta, ta rufe ido, ta buɗe.

Garwashi. Tun daga jerin sama har na ƙasa, kofi ashirin da huɗu, kowanne ruwan lemon da wuta ta lasa, bakinsa da ɗan duhu kamar yadda na babanta yake yi. Ta ɗauki ɗaya da tsumma, ta ce, "Baba..." sauran maganar ta ƙi fita.

Da ta juyo ba ta gan shi a bayanta ba. Yana durƙushe gaban bokitin, ya naɗe hannun riga, ya zura hannu har gwiwa cikin ruwan ƙyallin yana lalube.

"Me kake nema?"

"Kayana. Wata marar kunya ta jefa min a nan."

"Ba za ka samu ba."

Ya ɗago da hannu jajir yana ɗiga. Ta jawo zaren da ke wuyanta daga cikin riga, zoben na lilo a jiki.

"Tun ranar da ka fita na tace bokitin da rariya. Tun kafin in san fenti ne."

Ya dubi zoben, ya dubi hannunsa da rigarsa da ta gama lalacewa.

"Kina kallo na zura hannu, ba ki ce komai ba?"

"Ina so in ga ko za ka nema."

Ya tsinke zaren da jiƙaƙƙen hannun, ya kamo yatsanta ya zura mata, jan ruwan ya ɓata su su biyun.

"Ban gama hucewa ba fa, Autata."

"Ja kujera ka zauna," ta ce, tana share ido da bayan hannu. "Ba zan taɓa murfin ba sai ka ce."