Fitilar Hagu a Kwanar Kornaka

Ana kiran sallar magariba dutse na farko ya faɗo kan kwanon gidan Hajiya Zuhura, tsohuwar shugabar makarantar 'yan mata ta Dakoro. Na biyu ya fasa randa. Daga nan sai aka ji ƙarar odar mota cikin zaure, alhali motar ɗanta Zaharaddini tana tasha.

Kwana tara ana haka, Hajiya ta hana kowa ya furta. Gidan da ake kawo 'ya'yan mutane koyon ladabi ba zai zama abin hira a bakin rijiya ba. A rana ta goma autarta Hamdiya ta faɗi gaban murhu, ta tashi da idanun da ba nata ba. Dole aka aika Birnin Lalle, aka ɗauko Malam Halidu mai ruƙiyya, aka shigo da shi ta ƙofar baya.

Ya daɗe yana karatu kafin yarinyar ta yi magana da muryar tsohuwa.

"Malam, bar ƙona ni. A gawon da ke kwanar Kornaka nike zaune."

"Mi ya kawo ki gidan mutane?"

"Tambayi direba, ga shi can bayan uwarsa. Mai kamiyo, babbar motar kaya da ke gabansa, ya kunna mishi fitilar hagu, alamar kada ya wuce, wani na tafe. Ya wuce. Hanya ɗaya ce, mai babur ya rasa inda zai bi, ya daki bishiyata. Ɗan Hajiya bai tsaya ba."

Zaharaddini ya sunkuyar da kai. Hajiya ta san zancen. Ita ce ta sa aka sake wa motar fenti a Maradi.

"Kullum matar mamacin na zuwa tana kuka a gindina, ta hana 'ya'yana sakewa. Kukanta na kawo muku."

"A yanka mata rago biyu," in ji Hajiya, murya a bushe.

Dariyar da ta fito daga bakin Hamdiya ta sa malamin ja da baya.

"Ba ni cin rago. Ki tafi da ƙafarki ki gaya wa matar. In kin ƙi, na zauna cikin wagga yarinya har ta tsufa."

Hajiya ta dubi 'yarta, sannan ta ce ta yarda. Hamdiya ta yi atishawa, ta nemi ruwa.

Washegari Hajiya ta sami matar, Dela, tana sussukar gero a wani ƙauye gefen kwalta. Ta durƙusa kamar yadda ba ta taɓa yi wa kowa ba, ta faɗi sunan ɗanta da nata.

Dela ba ta ajiye taɓarya ba.

"Ai tun ranar fasinjojin ɗanki suka gaya muna, Hajiya. Duk Dakoro an sani. Wata huɗu ke nan mutane na gaishe ki, suna jiran su ga ko za ki zo."