Jakin Jitar Baba

"Wa ya taɓa min jita?"

Auta tana kicin tana wanke kofuna lokacin da muryar Baba ta iso mata daga falo. Ta san tambayar za ta zo, ba ta dai zaci da wuri haka ba. Ta goge hannu ta fito.

Yana zaune a bakin kujera, jar jitarsa ta lantarki a cinya, yana ta danna ɗan ƙarfen da ke jikin jaki, wato wurin da tsirkiyoyi suke hawa a gindin jitar. Jakin Baba mai lilo ne. In ya danna ƙarfen, sauti ya sauka ya hau kamar mai kuka, kuma da wannan kukan aka san shi a wuraren biki tun ba a haifi Auta ba. Yau ƙarfen ya ƙi motsi.

"Baba, ni ce na kai ta shago..."

"Shagon Injiniya?"

Haka yake kiran saurayinta, mai gyaran kayan kiɗa. A da cikin raha yake faɗa, yau kuwa babu ko alamarta.

Ya kife jitar, ya cire murfin baya. Ga wani ɗan katako an soka shi tsaf kusa da sifirin, wato nannaɗaɗɗen ƙarfen da ke sa jakin lilo, ya tokare jakin.

"Katako! Ya ɗaure min jaki kamar na kai masa ƙara! Wanda zai taɓa kayan mutum a bayan idonsa ba zan ba shi 'yata ba. Ki gaya masa kada iyayensa su wahalar da kansu."

"Baba, don Allah..."

"Na gama magana."

Maganar da ba a yi ba ita ce hannun Baba na dama ya fara rawa. Kowa a gidan ya gani, kowa ya yi gum. Mama ta koma zuba masa shayi rabin kofi. Shi kuwa jaki mai lilo ba ya rufa asiri: Baba yana ɗora gefen tafinsa a kai, rawar hannun sai ta bi tsirkiya ta fito ta sifika. A bikin da ya yi na ƙarshe Auta ta ga mai ganga da mai fiyano suna satar kallon juna. Ranar ta yi kuka a banɗaki har kanta ya yi ciwo.

Ta sami Injiniya a shago da tsirkiya a baki, yana ɗaura wa wata jita. Yana ganin idonta ya ajiye.

"Ya gani ko?"

"Ya gani. Ya ce an fasa maganar auren."

"Masoyiyata, ai na ce miki mu tambaye shi tukuna..."

"In ce masa me? Baba, hannunka na rawa? Kai za ka iya?"

"Ba zan iya ba. Amma ni na soka katakon, ni zan je in cire." Ya ɗauki jakar kayan aikinsa. "Ban sa gam ba, dama don irin wannan ranar."

"In ya kore ka fa?"

"Sai in dawo gobe. Ke kin san ba ni da zuciya a kanki."

Baba bai kore shi ba, bai kuma ce ya zauna ba. Injiniya ya durƙusa ya gaishe shi, ya ba da haƙuri, ya zare katakon, ya daidaita tsirkiyoyin, ya miƙa jitar da hannu biyu.

Baba ya jona ta ya fara kaɗawa. Farkon ya fita lafiya. Yana ɗora tafinsa a jakin sai sautin ya shiga tangaɗi. Ya tsaya, ya sake, haka dai.

"Ka ɓata min ita."

Injiniya ya sunkuyar da kai, ya shirya ɗaukar laifin. Abin da Auta ta kasa jurewa ke nan.

"Ba jitar ba ce, Baba. Ba shi ba ne kuma." Ta matso kusa da shi. "Hannunka ne... Ni na roƙe shi, don kada mutane su ji."

Mama ta tsaya a bakin ƙofa da faranti a hannu.

Baba ya daɗe yana kallon hannun, yana rawarsa a kan cinya ba ruwansa da kowa.

"Kin ɗauka ban sani ba? Ni da ake ba rabin kofi?" Ya yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Abin da ya ƙona min rai, gida guda ana lallaɓa ni, an rasa mai gaya min."

Ya juya ga Injiniya. "Kai, tashi ka zauna. In an kafe jakin, me zan rasa?"

"Kukan, Baba. Ba zai ƙara fita ba."

"Gaba ɗaya?"

"Gaba ɗaya."

"Me zan samu?"

"Sautin zai tsaya inda ka ajiye shi, ko ka jingina hannu a kai. In tsirkiya ɗaya ta tsinke ma, sauran ba za su bi ta ba."

"To, kin ga wannan bai iya lallashi ba," in ji Baba, yana duban Mama. "Jaki biyu ke nan a gidana, ga na jita ga shi."

Ya kama ɗan ƙarfen ya danna shi a hankali. Jitar ta yi kukan nan nata, dogo, har Mama ta juya baya tana share ido da gefen mayafi. Sannan ya murɗe ƙarfen ya cire shi, ya sa wa Auta a tafin hannu. Da ɗuminsa.

"Mayar da katakonka, Injiniya. Wannan karon ni na ce."

"To, Baba."

"Ka kuma gaya wa iyayenka su zo. Amma su hanzarta..." Ya ɗaga hannun yana kallonsa. "Ni zan kaɗa a bikin Autata, tun wannan yana jin maganata."

Auta ta damƙe ƙarfen, ta kifa kai a gwiwarsa ta fashe da kuka. Hannun ya sauka a kanta yana rawa, ba wanda ya kawar da ido.