Injin Rogon Bu Sumini

A barandar kotun kasuwanci ta birnin Semarang, a ƙasar Indonesiya, suka haɗu, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Laras, sabuwar lauya, ta rungumo takardun shari'arta ta farko. Wani saurayi ya miƙa mata lema.

"Riƙe, Dik, ƙanwata, kada hujjarki ta narke."

"Kai fa, Mas, yayana?"

"Ni Danang. Lambar wayarki kawai zan tsare."

Ta ba shi tana dariya. Sai da aka shiga ta ga inda ya zauna: layin lauyoyin kamfanin da ya kai uwarta ƙara!

Kamfanin nan, Allah ya isa. Injin yanka rogon da uwar Laras, Bu Sumini, ta haɗa da hannunta daga ƙarfen tsohon keke suka gani, suka ruga suka yi masa rajista da sunansu, suka dawo suka maka ta a kotu wai ita ce ɓarauniya. Suka kuma ja kunnen dillalan rogo, duk wanda ya sayar mata babu shi babu su. Doka ta ce sai ta nuna nata ya riga nasu fita idon jama'a, in ba haka ba a rufe rumfarta. To wa ke ɗaukar hoton abin da yake aiki da shi kullum?

Saƙonsa ya shigo: "Dik, haramun ne in yi miki magana muna shari'a. Ki jira ni."

Jira kuwa akwai wuya! Ta ɗauki waya ta ajiye, ta rubuta ta goge, abinci ya ƙi shiga. Damina na ƙarewa wani saƙon ya shigo: "Na ajiye aikin, hasken idona. Ina zuwa gaban Ibu, mahaifiyarki."

Bu Sumini ko kujera ba ta ba shi ba.

"Kai ne lauyan ɓarayin? To madalla. Faɗa min abin da suke ɓoyewa, ka ɗauki yarinya."

"Ibu, amana ce. Ko na bar su, bakina a kulle yake."

"Amanar ɓarawo? Fita, tun ban yanka ka da injin da suka ce ba nawa ba ne!"

Laras ta bi shi ƙofa. "Mas, kalma ɗaya fa."

"In na faɗa, lauyancina da naki sun mutu, shari'ar ma ta lalace."

"To je ka auri amanar taka."

Ranar ta kasa zama ta kasa tsayuwa. Don ta ƙara wa kanta ciwo, ta kunna tsohon bidiyon bikin yayarta, tana kallon amarya tana sharar hawaye. Can bayan masu girki sai ga uwarta a tsugune tana murza injin, rogo na zuba a faranti, rabin unguwa na kallo. A gefen hoton ga kwanan wata, tun kamfanin bai san hanyar garin ba.

"Ibu! Zo ki ga kanki!"

Alƙali na ganin bidiyon ya soke rajistar kamfanin. Ƙarar da suka kai kamfanin kan jan kunnen dillalan rogon kam har yau tana gaban hukuma, kuma ba za a bar musu ba.

Laras ta rubuta: "Mas, lemarka tana nan."

"Ina ƙofa tun ɗazu, Dik."

Bu Sumini ta leƙo, ta ƙare masa kallo.

"Har yanzu ba za ka faɗa ba?"

"A'a, Ibu."

"Taurin kai kamar ɗanyen rogo. Shigo. Wanda ya riƙe sirrin maƙiyina ba zai tallata na 'yata ba."

Ranar biki ta sa aka ɗora injin kusa da kujerar amarya da ango, ta damƙo mai kyamara a wuyan riga.

"Ɗauke shi da kyau, kwanan watan ya fito ɓaro-ɓaro. Sannan ka ɗauki yaran."

Danang ya matsa hannun Laras, suna ƙunshe dariya. Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai riƙon amana.