Mutanen da Suka Fi Ƙofa Tsawo

Ranar da Ilyasu ya fara ganin Sharifa, ko ɗaga kai bai yi ba sai da takardarsa ta fito daga inji. Ɗan shagon buga takardu ne a bakin kasuwar Garwa, manne da babban shagon atamfa na mahaifinta, Alhaji Mailafiya. Fanka tana ta juya iska mai zafi, ita kuma tana zaune gaban kwamfuta da mayafi ruwan toka.

Ya miƙa mata filashi ya ce, "Zanen mutane ne a ciki. Mafi tsawonsu a sa shi uku da rabi, sauran za su bi."

Ta danna, inji ya yi gurnani, takarda ta fito. Ilyasu ya duba, sai fuskarsa ta faɗi. Ya buɗe wani kwalin takalmi da ya rungumo, ya fito da ɗan gida na takarda, da zaurensa da rumbunsa da bishiyar mangwaro a tsakar gida. Ya kara mutum ɗaya a bakin zauren. Ƙofar ko ƙugun mutumin ba ta kai ba.

Sharifa ta yi ƙoƙarin danne dariya, abin ya gagara.

"Malam, waɗannan ai ƙatti ne. Ta ina za su shiga?"

"Santimita uku da rabi nake nufi," ya ce a hankali.

"Af, to ai ba ka faɗa ba. Kwamfutar nan daga Yola Baba ya sayo ta, da inci take lissafi, kamar mai ita."

Ta leƙa shagon atamfa ta ɗauko tef ɗin awo irin na teloli. Ta nuna masa fuska ɗaya inci, ta juya ɗaya fuskar santimita, ta ce inci guda ya haɗiye santimita biyu da rabi har da ɗan ƙari. Ta gyara, ta kuma kashe wurin da inji yake matse zane don ya cika takarda, ta sake bugawa. Wannan karon da ya auna, mutumin ya tsaya cif a ƙarƙashin ƙofa.

A nan ne ya ɗago ya dube ta. To, daga nan kuma sai abin da Allah ya yi.

Ilyasu ɗan Tcholliré ne, yana aiki a ma'ajiyar wani kamfanin auduga, yana haya a ɗaki ɗaya a unguwar Djamboutou a nan Garwa. In ya tashi aiki babu inda yake zuwa. Ba shi da majalisa, ba shi da mai ƙwanƙwasa masa ƙofa. Maƙwabta Fulatanci suke hirarsu, ya gaishe su su amsa, shi ke nan. Sai ya zauna da almakashi da gam, yana yanka yana liƙawa, abincinsa yana hucewa a gefe.

Ya riƙa komawa shagon, yau taga, gobe randa, jibi akuya. Sharifa ta san uzuri ne, ba ta tona shi ba.

Wata rana ta ce, "Me ya sa mutanenka ba su da fuska?"

"Ba na zana fuska. Da tsawo da tufafi nake gane su." Ya nuna da tsinken ashana. "Wannan Baba ne. Wannan Inna, iyakarta kafaɗarsa. Wannan ƙanwata Hawa'u, tana aure can wajen Kusiri. Wannan dogon Baffa Sabi'u ne, ƙanen Baba, kullum sai ya sunkuya zai shiga zaure."

"Suna ina yanzu?"

Sai ya faɗa mata. Baba ya rasu, Inna ta bi bayansa. Ranar da aka binne ta ya kasa kwana a gidan, ya hau mota ya taho Garwa, ya sauya lambar waya. Da farko baƙin ciki ne ya hana shi neman kowa, daga baya kunya ta karɓa. Sai a bakin wani direba ya ji cewa damina ta rushe gidan.

Sharifa ta dubi tsakar gidan takardar, idonta ya kawo ruwa. "Kai kuma kana ina a ciki?"

"Ban yi kaina ba."

Ta naɗe tef ɗin awon ta ajiye masa a kan kwali. "Riƙe wannan. Ranar da ka shirya sai ka auna kanka."

Da yamma saƙonta ya shigo wayarsa: "Mai Takarda, ka ci abinci kuwa, ko gam ka sha?"

Ya amsa: "Na ci, Mai Awo. Yau ɗakin bai yi mini faɗi kamar kullum ba. Ke ce sila."

Ta rubuto: "Allah ya sa kar ka saba da daɗin baki. Amma ci gaba, ina ji."

Haka soyayya ta kama su, ba hayaniya. Da ta yi ƙarfi, Sharifa ta faɗa wa mahaifiyarta, ita kuma ta kai maganar gaba.

Alhaji Mailafiya mutum ne da ba ya sauya hanya. Kakansa daga Kano ya zo fatauci, har yau da yadi yake auna atamfa. In mai saye ya ce mita, sai ya ce a je shagon gaba. Ya sa aka kira Ilyasu zaure. Ilyasu ya cire takalmi, ya durƙusa ya gaishe shi.

"Na bincika, ba a faɗi mugun abu a kanka ba," in ji Alhaji. "Amma an ce da gemunka kana wasan yanka takarda. Wannan ma bar shi. Ina manyanka? Wa zai zo ya zauna a nan ya nema maka?"

"Alhaji, iyayena sun rasu."

"Allah ya ji ƙansu. Dangi fa? Daga sama ka faɗo?"

Ilyasu ya sunkuyar da kai.

"Yaro, ba na ba da 'yata ga mutumin da in abu ya taso ban san ƙofar da zan ƙwanƙwasa ba. Tashi ka je."

Abin haushi, akwai mai jiran wannan rana. Abdussalam ne, ɗan aminin Alhaji, mai manyan motoci da ke jigila zuwa Ngawundere. Shi kam dangi har sun yi masa yawa, rabin unguwa nasu ne. Ya fara zuwa shagon Sharifa yana ajiye mota a inda kowa zai gani.

Ilyasu ya ga motar sau ɗaya, ya juya. Kunya ta hana shi komawa. Da bangon bayan gidan takardar ya yage, sai ya tafi wani shago can kusa da gada, wurin wata mata mai suna Georgette. Injinta ya matse zanen, bangon ya fito guntu, ya ƙi haɗuwa da sauran. Ya koma sau biyu, duk a banza. Abdussalam kuwa ya hango shi, bai yi ƙasa a gwiwa ba ya kai rahoto har da ƙarin gishiri.

Saƙon Sharifa ya zo a bushe: "An ce ka sami sabuwar mai buga maka takarda. Allah ya sanya alheri."

Ya ɗauki hoton guntun bangon ya tura mata, ya rubuta: "Ga abin da na samu a can. Tun da na bar wurinki babu abin da ya yi daidai. Na ga motarsa ne, na ce ko an gama magana."

Har ya fid da rai, sai wayar ta yi ƙara.

"Ba a gama ba, amma an kusa. Baba ya ce in Sallah ta wuce zai amsa musu. Ilyasu, ina son ka, ka sani. Amma mutanen takarda ba za su zauna a zauren Baba ba. Dogon nan mai sunkuyawa yana raye ko ba ya raye?"

Ya daɗe yana kallon Baffa Sabi'u na takarda a bakin ƙofa. Wallahi ya fi jin tsoron wannan tafiya a kan komawa gaban Alhaji. Me zai ce? Ina ya shiga duk shekarun nan? Amma washegari ya nemi izini a wurin aiki, ya rungumi kwalinsa ya hau motar Tcholliré.

Ya sami Baffa a ƙofar gida yana gyaran igiyar shanu, gemu ya yi fari fat. Tsohon ya dube shi, ya ci gaba da aikinsa.

"Wa ake nema?"

"Baffa, ni ne."

"Na san kai ne. Na ce wa ake nema, tun da mu an binne mu tare da uwarka."

Ilyasu ya durƙusa. Ya buɗe kwalin ya tura gabansa.

Baffa ya ajiye igiya. Ya sunkuya yana kallo, ya kai yatsa kan rumbu, ya kai kan mangwaro. Sai ya tsaya a kan mutanen nan marasa fuska.

"Wannan Yaya ne," ya ce, muryarsa ta sauya. "Ga uwarka Aminatu, iyakarta kafaɗarsa. Ga Hawa'u." Ya taɓa dogon. "Wannan kuma ni ne, ko?"

"Kai ne, Baffa."

"Ashe kana tune da mu." Ya goge ido da hannun riga. "To kai kana ina? Ɗan banza, ka zauna kai kaɗai kana yanka mu da almakashi, alhali ga mu da ranmu. Tashi mu shiga ciki, ka faɗa mini 'yar wace ce ta koro ka gida."

Ana saura kwanaki Sallah, Ilyasu yana wurin aiki, hankalinsa duk yana gidan Alhaji, don ranar ce Baffa ya ce za su je. Shi ya zaci mutum biyu ne ko uku. Sai ga saƙon Sharifa:

"Mai Takarda, ka sake yin kuskuren awo. Motoci biyu suka zo. Zauren Baba ya cika, sauran suna tsaye a waje, an aika maƙwabta aron tabarmi. Wani dogo ya buga kansa a ƙofa. Mutanenka dai har yau ba sa shiga ƙofa."

Ilyasu ya karanta, ya koma bayan buhunan auduga ya zauna, ya yi kukan da bai yi ba ranar jana'izar Inna.

An ce Alhaji Mailafiya ya dubi taron nan ya yi murmushi, ya ce shi ƙofa ɗaya ya nema ya ƙwanƙwasa, ga shi an kawo masa gari guda. Ya ba Abdussalam da mahaifinsa haƙuri da kansa, ya ce yarinya ta nuna inda take so, kuma yanzu ba shi da hujja.

Bayan Sallah aka ɗaura aure. Hawa'u ta zo daga Kusiri da goyo, ta rungume yayanta tana yi masa faɗa tana kuka. Alhaji ya yanka wa ango shadda da hannunsa, yadi goma, ya ce in yana so a mita sai ya je ya lissafa da kansa. Baffa Sabi'u ya yi addu'a, Allah ya ba su zaman lafiya da zuriya mai albarka, ya sa kada ɗayansu ya sake cin abinci shi kaɗai. Jama'a suka shafa.

Da hidima ta lafa, wata safiya Sharifa ta ɗauko tef ɗin nan ta ce ya miƙe ya jingina da bango. Ta auna shi, ya auna ta, suna gardamar ko ɗankwali yana cikin lissafi. Ta je shago ta dawo da 'yar takarda mai zanen su biyu, suka yanka tare.

Ta ɗauki nasa da nata ta kai bakin ɗan zauren.

"Santimita ko inci?" ya ce yana tsokanarta.

"Yi shiru, Mai Takarda, ka yi sallama."

Ya yi sallama a hankali, ta amsa masa. Sannan ta tura su ciki, suka wuce ba tare da sun sunkuya ba, ta tsayar da shi kusa da Inna.