Usur Ɗin Wilfrido

Magariba ta kawo jiki, Eleuterio mai gidan burodi yana goge farantai, sai dutse ya faɗo kan kwanon rufinsu. Wani dutsen ya sake faɗowa. Matarsa Narcisa ta leƙa tsakar gida, babu kowa, ko kare bai yi haushi ba.

A layinmu na birnin Guayaquil kowane mai shago yana rataye da usur a wuya. Alkawari ne muka yi: wanda ɓarayi suka shigar masa ya busa, kowa ya fito da sanda. Wata biyu kafin nan, Wilfrido mai kantin magani ya busa nasa da rana tsaka. Eleuterio, da suke ƙofa da ƙofa, ya ja ƙofar ƙarfensa ƙasa ya danna kwaɗo. Ɓarayin suka kashe Wilfrido. Ranar jana'iza Eleuterio ya ce wai sayen fulawa ya tafi. Muka gyaɗa kai, don kowannenmu da inda ya ce ya je ranar nan, har da ni.

Kwana bakwai ana jifa. A na takwas Yadira, 'yar Eleuterio, ta daina cin abinci. Ta zauna tana fuskantar bango, tana wani siririn fito da baki, ba ta tsayawa jan numfashi.

Aka ɗauko Mama Ubaldina, tsohuwar da ta san kan iskoki. Ta kunna kyandir, ta busa wa yarinyar hayaƙin taba, ta yi addu'a har muryarta ta dishe.

"Wane ne kai?" in ji tsohuwar.

"Shekara talatin ina zaune bayan kwalaben Wilfrido," in ji wata murya mai kauri daga bakin Yadira. "Bai taɓa korata ba. Sau uku ya busa usur ranar nan."

"Yarinya ba ta yi maka komai ba. Me za ka karɓa? Zakara? Giya?"

"Riƙe zakaranki, tsohuwa. Ubanta ya faɗi inda yake ranar nan, ko in tafi da ita."

Narcisa ta juyo. "Sayen fulawa ya je. Ko ba haka ba, Eleuterio?"

Ya zube bisa gwiwoyinsa, kunya ta hana shi ɗaga kai.

"Ina nan. Ina bayan ƙofa, hannuna kan kwaɗo, yana kiran sunana. Tsoro na ji."

Harshen kyandir ya kwanta, ya miƙe. Jikin Yadira ya saki, uwar ta tare ta. Can ta buɗe ido, ta daɗe tana duban ubanta, sannan ta yi magana da muryarta ta kullum.

"Baba, da ni ce a waje, da ka buɗe?"