Kumburin Idon Muhsinat

Ga ta nan, ga ta nanku!

Ta zo mu ji ta, mu ƙaru!

A unguwar Al Qusais ta birnin Dubai an yi wasu ma'aurata masu son juna, Zailani da Muhsinat. Shi ma'aikacin kamfanin kargo ne, ita kuwa gwanar sofbol ce, wasan nan da ake jefa ƙwallo a make ta da sanda. Tun tana jami'a a ƙasar waje take cin kofuna, har wata babbar ƙungiyar mata a Dubai ta ɗauke ta a matsayin mai jifa. Da hijabinta da dogon wandonta take shiga fili, amma duk da haka Zailani kunyar sana'ar yake ji. Danginsa na Kano ce musu ya yi malamar makaranta ce.

Ana nan sai mahaifiyarsa, Hajiya Uwa, ta ce za ta biyo musu daga Umara. Zailani ya kwashe kofuna ya cusa ƙarƙashin gado.

"Habibi, ƙarya fa za mu yi wa Hajiya," in ji Muhsinat.

"Don Allah ki rufa min asiri! Tana tafiya, halas, shi ke nan!"

Ranta bai so ba, amma ta yi masa alkawari.

Ana gobe Hajiya za ta sauka, a wurin atisaye ƙwallo ta dawo daga sanda ta sami Muhsinat a ƙasan ido. Wurin ya haye, ya yi baƙi ƙirin.

Hajiya na shigowa ta saki jakarta. "Innalillahi! 'Yar nan, me ya same ki?"

Muhsinat ta dubi mijinta. Shi kuwa ya dubi tabarma.

"Ba komai, Hajiya."

"Ba komai? Haka 'yan uwana mata suke cewa har a kai su kabari!" Ta juya ga ɗanta. "Kai! Dukan mace ka zo koya a ƙasar Larabawa? Ubanka har ya koma ga Allah bai taɓa nuna min yatsa ba. Haɗa kayanki, 'yata, tare za mu tafi Kano, ni da kaina zan miƙa ki ga iyayenki!"

Muhsinat ta durƙusa tana kuka. "Wallahi bai taɓa ni ba, Hajiya!"

"To wa ya taɓa ki?"

Saboda alkawari, sai ta sake duban mijinta. Hajiya ta jawo akwati ta fara zuba mata kaya da hannunta. Nan Zailani ya ga aurensa na shirin barin gida yana tsaye. Ya rusuna, ya jawo kofunan nan ɗaya bayan ɗaya, da ƙwallo, ya zube su gaban mahaifiyarsa, ya faɗi gaskiya duka, murya ƙasa-ƙasa.

"Wai ma'anar sofbol ɗin ma ƙwallo mai taushi, Hajiya," in ji shi.

Hajiya ta ɗauka ta matsa. "Wannan gorubar ce mai taushi?" Ta daɗe tana shafa kofunan, sannan ta ce, "Wato ka yarda in ɗauke ka azzalumi, da dai in san matarka gwana ce? Ita ta riƙe maka alkawari da kumburarren ido, kai ka kasa riƙe mata mutunci da lafiyayyen baki!"

Zailani ya kasa ɗaga kai. "Ki yafe min, Hajiya."

"Ba ni za ka roƙa ba."

Ya juya ga matarsa, hawaye na zuba. Ta ce, "Na yafe, habibi."

Ranar wasa, Hajiya ta sa shi ya ɗauki jakar sanduna a kafaɗa tun daga gida har fili. Ta zauna a sahun gaba, duk jifan da Muhsinat ta yi sai ta rangaɗa guɗa, 'yan kallo na waigowa.

"Surukata ce!" take ce musu, da Hausa.

To, masu aure, ku ji: wanda ya ji kunyar halal ɗin matarsa, kunyar da ta fi ta tana jiransa a gaba, mai haƙuri kuwa Allah ba ya barin sa.

Ƙurunƙus! Ba don gizo ba, da kun ce ƙarya na shirya muku.