Zaren da Aka Ja Zuwa Layin Marina

Ku ajiye wayoyin nan haka. Tun la'asar da aka ɗaura mana sabon intanet ba wanda ya ɗago kai a gidan nan. Kai Sagir, da kai nake. Fim ɗin ba gudu zai yi ba, ai kai ka ce kafin ka ƙifta ido ya sauka. Lantana, jawo tabarmarki kusa da ni.

Ɗazu na ji kuna raɗa a kan idon Yaya Kamilu na hagu, lokacin da ya zo ja mana waya. Kun ga ya tsaya a ƙofar gida, ya rufe idon dama da tafin hannu, ya daɗe yana kallon soro kafin ya shigo. To, yau zan faɗa muku. Amma kada wanda ya ce mini ta zo mu ji ta, don ba tatsuniya ba ce. Da ni aka yi, kuma rabin laifin nawa ne.

Kun san ni da Kamilu taubasai ne, shi ɗan Goggo, ni 'yar kawunsa. Tun muna yara bai taɓa ce mini Rakiya ba. Sarauniyar Barci yake kirana, ni kuma in ce masa Dogon Banza. Ko a gidan makoki muka haɗu sai mun taɓa. Shekara huɗu ke nan kamfani ɗaya muke yi wa aiki, masu kai intanet gida-gida. Shi yana fita jan waya, ni ina ofis. Wayar da suke ja, zaren gilashi ne a cikinta, siriri kamar gashin kai, haske ne ke bi ta ciki. In ya gama haɗawa a gidan mutum sai ya kira ni, ni kuma in danna a kwamfuta, layi ya tashi. In ban danna ba, babu abin da zai wuce.

Aikin nasu yana da doka biyu. Ba a fita mutum ɗaya: ɗaya a kan falwaya, ɗaya a cikin gida. Kuma ba a leƙa bakin zaren da ido, don hasken ciki ba a ganinsa, amma yana ƙona ido.

Wata Juma'a da hantsi waya ta yi ƙara a ofis. Muryar dattijo ce, a sanyaye.

"Muna so a ƙara mana gudu."

Na ce, "To Baba, wanne kuke so?"

Shiru. Har na zaci layi ya katse. Can sai ya ce, "Na ƙarshe. Gigabit."

"Baba, ai wannan sai babban gida. Ku nawa ne?"

Ya sake yin shiru. "Muna da yawa. Wanda muke da shi ba ya ɗaukar mu."

Ya ce gidan ƙarshe ne a Layin Marina, can bayan gari. Ku ba ku san wurin ba. Tsohon karofi ne, inda marina suke rina tufafi tun zamanin kakanni. Ramukan rini sun fi ɗari, aka cike su da ƙasa, aka yanka filaye a kai. Na duba kwamfuta, ga gidan, ga tsohon layi a kansa. Amma gurbin sunan ma'aikacin da ya ja layin, wayam. Na gani da idona, ban tsaya tunani ba.

A ranar kuwa Tukur, abokin fitar Kamilu, ya kai mahaifiyarsa asibiti. Da na faɗa wa Kamilu aikin, ya ce a bari sai Litinin. Ni kuwa bakin nan nawa da ba ya hutawa, na ce, "Dogon Banza, ashe duk tsawon nan tsoro ne cunkushe a ciki?"

Ya ce, "Sarauniyar Barci, ke da ko tsani ba ki taɓa takawa ba?"

Ya ɗaure tsani a babur. Ya ce kafin liman ya hau mumbari ya gama ya dawo. Na yi masa dariya har ya fita.

Abin da ya faru a can, shi ya ba ni labari daga baya, guntu-guntu, cikin watanni.

Ya isa rana tsaka. Maza duk sun tafi masallaci. Layin tsit. Ba akuya, ba kaza, ko ƙuda bai gani ba. Gidan ƙarshe, ƙofar ƙarfe shuɗiya, fenti sabo fil. Ya yi sallama.

Aka ce, "Ka iso." Amma daga bayansa aka faɗa.

Ya juya. Dattijo ne, farar riga tana jan ƙasa. Hannuwansa shuɗi ne har gwiwar hannu, irin na wanda ya kwana a ramin baba, shunin nan na rini. Kamilu ya gaishe shi. Leɓen dattijon ya motsa, ya gama motsi, ya rufe. Sannan murya ta zo.

"Lafiya lau."

Kun san yadda ake yi in kana magana da mutum ta bidiyo sabis ba kyau? Baki daban, magana daban. To haka, amma mutum yana tsaye gabanka.

Kamilu ya ce a ransa tsufa ne. Ya hau falwaya, ya haɗa, ya jawo waya har cikin gida. Tsakar gida a share tas. Ɗakuna jere, labule a sake a kowace ƙofa, ba takalmi ko ɗaya a bakin ɗaki. Warin toka da baba ya cika ko'ina. Ga tsohon akwatin intanet a jikin bango, fitilarsa tana ƙyaftawa. Ya bi bayansa da hannu don ya zare shi daga wuta. Babu wayar wuta a jikinsa.

Lantana, sakar mini zane, za ki yaga shi.

Ya buɗe bayanan akwatin a wayarsa, yadda suke yi, don ya ga mutum nawa ke kan layin. Gida irin namu bai wuce goma ba. Ya ga ɗari da goma sha huɗu.

Ya ce, "Baba, makaranta ce a nan?"

Leɓe ya motsa. Ya jira.

"'Yan uwa ne. Suna hanya. Hanyar ce ta yi ƙanƙanta."

Nan almakashinsa ya suɓuce ya faɗi. Ya sunkuya ɗauka, idonsa ya kai ƙarƙashin rigar dattijon. Daga gwiwa zuwa ƙwauri, ƙafa ce irin ta kowa. Daga ƙwauri zuwa ƙasa, dishi-dishi, kamar hoton da bai gama buɗewa ba. Ta cikinta yana hango ƙasar tsakar gida.

Bai ce komai ba. Amma dattijon ya amsa masa.

"Ba su gama isowa ba. Shi ya sa muka kira ku."

Kamilu ya miƙe a hankali. "Baba, bari in ɗauko wani abu a babur."

Ya juya wajen soron da ya shigo. Bango ne. Wayar da ya jawo ga ta nan ta ratsa ta cikin bangon, amma ƙofa babu.

"Ka gama tukuna."

Ya ce mini a lokacin tunani ɗaya ya yi: in gama, in tafi. Ya kafa sabon akwati, ya fere bakin zaren. A ƙa'ida, nan ne Tukur zai haska jar tocila daga kan falwaya, shi kuma ya ga ɗigon ja a nan, su san zaren lafiya yake. Yau kuwa ba kowa a kan falwaya.

Sai bakin zaren ya kawo haske. Ba ja ba, shuɗi.

Wa ke haskawa? Abin da ya zo masa ke nan. Mutumin da ya shekara yana hana sababbin ma'aikata leƙa zare, shi ne ya ɗaga shi ya kai idonsa na hagu.

Ya ga hanya. Doguwa, ƙunci, ba ƙarshe. Mutane a jere, wani bayan wani, jikinsu jiƙe sharkaf da ruwan baba. Ba mai motsi. Dukkansu shi suke kallo.

Ya so ya sauke hannu, hannu ya ƙi. Ya so ya yi addu'a, harshe ya yi nauyi. Muryar dattijon ta zo daidai kunnensa.

"In hanya ta buɗe, mu mu fito, kai ka shiga. Ba a barin wuri ba kowa."

Ya ji an zare wayarsa daga aljihu.

Ni ina ofis ni kaɗai, maza sun tafi Juma'a. Fanka na juyawa, har na fara gyangyaɗi, kada wanda ya yi dariya. Waya ta yi ƙara. Lambar Kamilu.

"Rakiya, barka da aiki. Na gama. Ki kunna."

Muryarsa ce sak, har 'yar shaƙewar nan tasa. Na jawo kwamfuta, na nemo gidan, na ɗora yatsa. Wallahi saura in danna.

Sai abin ya dawo mini. Rakiya? Barka da aiki?

Na ce, "Dogon Banza, yau kuma ina ka samo ladabi?"

Shiru. Irin shirun nan na safe.

"Rakiya, ki kunna."

Na ce, "Wace ce ni?"

Shiru.

"Rakiya."

Na janye hannuna kamar na taɓa garwashi, na kife wayar. Na yi a'uzubillahi, na fizge wayar kwamfutar daga bango gaba ɗaya. Wayar ofis ta ci gaba da ƙara. Sau goma sha ɗaya, ina ƙirgawa, ina kuka. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba, kuma ban taɓa jin haushin bakina irin na ranar ba.

Na kira Tukur. Ya baro mahaifiyarsa wajen ƙanwarsa, ya ɗauke ni a babur. Muna isa ana watsewa daga masallaci. Ga babur ɗin Kamilu a jingine, ga tsani a jikin falwaya. Gida kuwa babu. Ba ƙofa shuɗiya, ba ɗakuna. Kango ne, rabin katanga, ciyawa har ƙugu. Muka bi wayar cikin ciyawa.

Muka same shi a tsakiyar fili. Ƙasa ta lotsa da shi har cinya, da'ira guda daidai bakin ramin rini, shuɗin ruwa yana tsattsafowa ta gefe. Yana riƙe da zaren a idonsa. Ba ya ƙiftawa. Kuma a gabanmu ƙasar tana ƙara jan sa a hankali.

Tukur ya ruga ya hau tsani, ya datse wayar daga sama.

Na kama hannun rigar Kamilu ina ja. "Kamilu! Kamilu!" Ko gezau. Tukur ya sauko ya kama ɗaya hannun, yana karanta duk abin da ya zo bakinsa. Shi ma ya kira sunansa, a banza.

Sai na sa bakina a kunnensa, na daka masa tsawa. "Dogon Banza, tashi mu tafi gida!"

Zaren ya faɗi daga hannunsa. Ya juyo a hankali, ya dube ni da ido ɗaya. Murya ƙasa-ƙasa ya ce, "Sarauniyar Barci, ashe kina farkawa?"

Nan na zube a cikin ciyawa, ina kuka ina dariya. Da ƙyar muka zaro shi. Takalmansa suna can har yau.

Idon kuwa kun gan shi, shuɗi. Likita ya ce haske ne ya ƙona shi, ba zai ƙara gani da shi ba. Gaskiyar likita, ba ya ganin ni da ku da shi. Amma yana ganin waɗancan. Shi ya sa duk gidan da zai ja wa waya sai ya rufe idon dama ya duba tukuna. Akwai gidajen da yake juyawa daga ƙofa, ko manaja zai mutu don faɗa ba zai shiga ba. Namu dai ya shigo, ku kwantar da hankalinku.

Ba ku tambaye ni dattijon ba. Yana nan. Duk Juma'a, rana tsaka, wayar ofis sai ta yi ƙara da lambar Kamilu ta da, wadda aka rufe tuntuni. Da can "Rakiya, ki kunna" yake cewa, in kife wayar. Juma'ar da ta wuce na ɗauka, sai na ji an ce, "Sarauniyar Barci, ki kunna."

Kalma ba ta ɓace ba, murya ba ta ɓace ba. Abu ɗaya ya rage: babu dariya a ciki. Kamilu bai taɓa faɗin sunan nan ba sai da dariya tana ƙoƙarin kuɓuce masa.

Ran nan da yamma na je har gida na same shi, muka canza sunayen tsokanarmu. A'a Sagir, ba zan faɗa ba, ba da akwatin intanet ɗin can a kunne ba, wa ya san mai sauraro.

Don haka ku ji ni da kyau. Layin Marina, kada ɗayanku ya bi ta nan shi kaɗai, balle rana tsaka. Kuma duk ranar da wanda kuka saba tsokanar juna ya kira ku da ladabi, ya ce ku buɗe masa wani abu, ku tsokane shi tukuna. In bai rama ba, ku kashe wayar.

Sagir, tashi ka kashe akwatin nan, ya isa haka na yau. Tsaya. Lantana, raka shi.